Ɗan tsuntsun da ke kuka a ƙoramun Mambila: wane ne shi, kuma zai rayu a keji?

Tambaya: An turo ni koyarwa daga Katsina zuwa wani ƙauye kusa da Nguroje, wata bakwai ke nan. A bayan makarantarmu akwai ƙorama mai duhuwa, kullum da sassafe nakan ji wani tsuntsu a ciki. Yakan fara kuka a hankali, ya yi ta ƙara ƙarfi, sai ya yanke kamar an toshe masa baki. Sau biyu na hange shi: ƙarami ne, ja-ja, da doguwar jela, yana bin ƙasa kamar ɓera. Wane tsuntsu ne? Me ya sa ban taɓa jin irinsa a gida ba? In na sa yara suka kama mini shi, zai rayu a keji in tafi da shi Katsina?

Amsa: Malam, barka da aiki, barka da haƙuri da sanyin Mambila. Bayanin da ka yi ya isa wanda ya san tsuntsayen wurin ya gane inda ka dosa. Kuka mai hawa yana yankewa farat ɗaya, jan jiki, doguwar jela, rarrafe cikin sarƙaƙiya, ga shi kuma kana zaune a tudun da ya haura mita 1,500. Duk waɗannan tsuntsu ɗaya suke nunawa, wanda masana ke kira Bradypterus bangwaensis. Hausa ba ta raɗa masa suna ba tunda ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, shi ya sa ni ɗan Bangwa nake ce masa. Bangwa wani yanki ne a tsaunukan yammacin Kamaru, kuma wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean Delacour, shi ya laƙaba masa sunan a 1943. Ka tambayi ɗalibanka Mambilawa da Fulani abin da iyayensu ke kiransa, ka rubuta ka ajiye. Irin waɗannan sunaye sun fi saurin ɓacewa a kan tsuntsayen kansu.

Tsawonsa kamar santimita 14 zuwa 15 ne daga baki zuwa ƙarshen jela, kuma jelar ta cinye kaso mai yawa. Bayansa ja ne mai duhu, irin jan ƙasar tukwane. Maƙogwaro da tsakiyar ciki farare ne, ƙirji da haƙarƙari ja-ja, sannan akwai wani zane mai haske a kan ido kamar gira. Fikafikansa gajeru ne masu zagaye. Ka riƙe wannan maganar fikafikai, domin rabin amsar tambayarka a nan take. Shi kansa sunan danginsu, Bradypterus, daga Girkanci aka ɗauko shi, ma'anarsa mai nawar fiffike.

Kafin mu yi nisa, ka tabbatar ba wani kake ji ba. A bakin kurmin Mambila akwai wani ɗan tsuntsu mai jan kai, Cisticola chubbi, shi ma mai hayaniya ne, amma shi ba ya ɓuya. Mace da namiji sukan hau kan reshe a fili, su yi ta rausaya suna kaɗa fikafikai suna kuka tare, kowa na kallo. Akwai kuma wani mai farin wuya da baƙin zane a ƙirji kamar ya rataya laya, Oreolais pulcher, wanda ke yawo a rassan tsakiya yana ɗaga jela. Naka kuwa da wuya ya haura tsayin ƙugun mutum. In ka ƙara kasa kunne, wani lokaci za ka ji wani siririn fito a ƙarƙashin babban kukan, yana saukowa yayin da wancan ke hawa. Macen ce ke amsa wa mijinta. Ranar da ka ji su biyun a tare, magana ta ƙare.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wajen wannan tsuntsu ji ne ya kori gani. Na taɓa zama a bakin wata ƙorama a gefen kurmin Ngel Nyaki tun kafin gari ya waye, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa, hannuna ya ƙage da sanyi har ba na iya riƙe biro sosai. Yana kuka a gabana, tazarar da ba ta fi taku huɗu ba, amma ganye kawai nake gani. Na fi rabin sa'a ban motsa ba. Can sai wani busasshen ganye ya girgiza, ya leƙo da kai, ya dube ni da ido ɗaya, ya bi wani karyayyen reshe da gudu jela a ɗage, ya cafke wata 'yar tsutsa a ƙarƙashin ganye, ya koma. Duka-duka bai kai ƙiftawar ido biyar ba. Wannan shi ne rabon da mai nemansa kan samu, kuma kai da ka gan shi sau biyu ba tare da madubin hangen nesa ba, ka yi sa'a.

Kukan nan da ya ja hankalinka shi ne ma ya raba gardama a kansa tsakanin masana. An daɗe ana ɗaukarsa reshe ne kawai na wani tsuntsu mai kama da shi, Bradypterus cinnamomeus, wanda ke zaune a tsaunukan Habasha, Kenya, Uganda, Ruwanda har zuwa Malawi. In ka jera gawarwakinsu biyu a teburin gidan adana kayan tarihi, launinsu kusan ɗaya ne. Sai da masu bincike suka shiga daji da na'urar ɗaukar sauti, musamman Françoise Dowsett-Lemaire da Robert Dowsett a ƙarshen shekarun 1980, aka lura cewa kukansa ba irin na wancan ba ne, ya fi kama da na wani ɗan'uwansu mai duhun jiki da ke cikin tsakiyar kurmi, Bradypterus lopezi. Riga irin ta wannan, murya irin ta wancan. Daga nan aka ware shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ga tsuntsayen da ke rayuwa cikin duhuwa inda ba sa ganin juna, da kuka ake neman aure, da kuka ake shata iyakar gida. Macen da ba ta gane kukan namiji ba ba za ta kula shi ba ko da launinsu ɗaya.

Shi wannan lopezi yana da labarin da ya taɓo mu. Wani sojan Ingila mai sha'awar tsuntsaye, Boyd Alexander, shi ya bayyana shi a 1903 daga tsibirin Biyoko da ke teku kusa da gaɓar Kamaru, ya sa masa sunan José Lopes, mutumin tsibiran Kef Bade da ke taya shi kamun tsuntsaye da gyara fatunsu. Alexander ɗin nan ya ratsa Arewa har Tafkin Chadi, aka kashe shi a 1910 a gabashin ƙasar Chadi ta yanzu, aka binne shi a Maifoni, wato cikin Maiduguri ta yau, kusa da ɗan'uwansa. Ina jin daɗin cewa aƙalla sunan wanda ya yi wahalar aikin ya tsira a jikin tsuntsu, domin mafi yawan 'yan Afirkan da suka yi wa Turawa jagora a dazuka ko sunansu ba a rubuta ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba ka taɓa jinsa a Katsina ba, kuma a nan nake so ka ɗan ba ni lokaci.

Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Katsina tana wajen mita 500 daga teku, inda kake kuwa ya ninka haka sau uku ko fiye. Ruwan da ke sauka a Mambila a shekara yana kai wa milimita 1,800, na Katsina kuwa bai cika wuce 700 ba. Ƙari a kan ruwan sama, akwai gajimaren da ke kwanciya a kan tudu da safe, yana jiƙa ganye ko da ba a yi ruwa ba. Wannan laima ce ke riƙe da ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasan kurmi, ruɓaɓɓen ganyen ke riƙe da ƙananan ƙwari da tsutsotsi da gizo-gizo, su kuma su ne abincin tsuntsunka safe da yamma, rani da damina. A ƙasar Hausa da zarar an shiga Nuwamba ƙasa ta bushe, ƙwari sun ragu, tsuntsu mai cin ƙwari sai dai ya yi ƙaura ko ya sauya abinci. Shi kuwa ɗan Bangwa bai iya ko ɗaya ba.

Ka kwatanta shi da wasu danginsa na nesa da kake gani a gida ba tare da ka sani ba. Da kaka, wasu 'yan tsuntsaye masu launin ganye kan sauko cikin bishiyoyin gawo da bagaruwa, kamar Phylloscopus trochilus, wanda nauyinsa bai cika wuce giram 10 ba amma daga Turai yake tasowa ya ƙetare Bahar Rum da Sahara. A ƙarshen shekarun 1960 an yi bincike a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, inda aka riƙa auna irin waɗannan baƙi ana ganin yadda suke tara kitse kafin su koma arewa. In ka kama ɗaya a raga a watan Afrilu, ka hura gashin cikinsa, za ka ga kitse rawaya a ƙarƙashin fata kamar man shanu. Fikafikansu dogaye ne masu tsini, an halicce su don tafiya. In ka buɗe fiffiken ɗan Bangwa a tafin hannunka, gajere ne kamar mafici, ya dace da tsalle daga wannan reshe zuwa wancan cikin ƙaya, amma fili mai faɗin gona guda babban abu ne a wurinsa. Shamuwa tana zuwa da damina ta tafi da kaka. Shi inda aka ƙyanƙyashe shi, nan kusa zai mutu.

Saboda haka tsaunukan nan a wurinsa tsibirai ne, zafin da ke kewaye da su kuwa teku. A duk duniya ba a samunsa sai a jerin tsaunukan da suka bi iyakar Najeriya da Kamaru. A ɓangarenmu akwai shi a tudun Obudu na jihar Kuros Riba, da Mambila, da tsaunukan da ke cikin gandun Gashaka Gumti inda Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. A Kamaru kuwa yana tsaunukan Bamenda, musamman Dutsen Oku mai mita 3,011, har zuwa Tchabal Mbabo a yankin Adamawa. Ko Jos, duk da tsayinta da sanyinta, ba ta da shi, domin ba ta da irin wannan jiƙaƙƙen kurmin tudu, kuma kwarin Binuwai mai zafi ya raba ta da Mambila.

Za ka ce to, tsuntsun da ba ya iya ƙetare gona, yaya aka yi ya bazu daga Obudu zuwa Oku, har danginsa suke can gabashin Afirka, nisan da ya haura kilomita 2,000? Amsar tana cikin tarihin yanayi. Duniya ta sha shiga zamanin sanyi tana fita, na ƙarshe ya kai ƙololuwarsa kamar shekara 20,000 da suka wuce. A irin waɗannan lokuta itatuwan da yau sai a kan tudu ake ganinsu sun sauko ƙasa. An gane haka ne daga lakar da ke kwance a gindin tafkuna, domin ƙurar furanni takan faɗa ruwa ta nutse, shekara a kan shekara, kamar shafukan littafi. A Tafkin Barombi Mbo na Kamaru da Tafkin Bosumtwi na Gana an tono lakar, aka sami ƙurar furen itatuwan tudu a wuraren da yau zafi ba zai bar su su tsiro ba. A wancan zamani teku ma ta ja baya, har Biyoko ta haɗe da gaɓar Kamaru. Masana suna da saɓani a kan ko kurmin tudu ya taɓa haɗewa ɗungurungum daga yamma zuwa gabas, ko kuwa guntu-guntu ne tsuntsaye suka riƙa bi a hankali. Ni na fi karkata ga na biyun, domin zamanin sanyin nan zamanin fari ne kuma, kurmi bai samu ruwan da zai mamaye ko'ina ba. Ko ma wanne ne, da zafi ya dawo sai kurmin ya janye ya koma kan tsaunuka, tsuntsayen suka bi shi, hanya ta yanke a bayansu. Waɗanda suka maƙale a kowane rukunin tsaunuka suka ci gaba da aure a tsakaninsu, a hankali murya da launi suka sauya. Abin da kake ji a bayan makarantarku ragowar wancan zamani ne.

Batun keji kuwa, Malam, ina roƙonka kada ka yi. Kanari da tsada suna rayuwa a keji domin tsaba suke ci, in ka zuba gero ko acca da ruwa ka gama. Wannan ƙwari masu rai yake ci, ƙanana, iri-iri, kuma tun daga wayewar gari har faɗuwar rana yake tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsu mai ƙaramin jiki irin wannan wutar cikinsa ba ta jira, yini guda babu abinci ya isa ya kayar da shi. Ga kuma firgici. Halittar da duk rayuwarta a ɓoye take, in ka sa ta a fili tsakanin sanduna ba wurin laɓewa, za ta yi ta dukan keji har ta fasa goshi. Mu da ke kama su da raga don awo da sa zobe a ƙafa, mukan zagaya ragar a kai a kai, mu sa tsuntsu a jakar yadi mai duhu don ya natsu, mu gama da shi cikin 'yan mintuna mu sake shi a daidai inda aka kama shi. Duk da haka in yana hannunka kana jin bugun zuciyarsa a yatsunka kamar zai fashe. Ko motar da za ta sauko da kai daga tudu ba za ta kai Serti ba zai fara haki, balle zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura digiri 40. In ma an yi sa'a ya rayu kwana biyu, kukan da kake so ba za ka ji ba, tunda don matarsa da iyakar gidansa yake yinsa. Sannan in lokacin sheƙa ne, danginsa a ƙasa-ƙasa suke gina ta cikin ciyawa da sarƙaƙiya, kama uwa ko uba ɗaya na nufin 'ya'yan sun mutu. Ka tuna hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana shawagi a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. Kuma yaran da ka aika yau da kuɗi, gobe da danƙo za su koma ƙoramar ba tare da ka aike su ba.

Abin da ya fi damuna ma ba keji ba ne, ita ƙoramar ce. Wani abin farin ciki game da wannan tsuntsu shi ne ba ya buƙatar ƙasurgumin kurmin da gatari bai taɓa shiga ba. Bakin kurmi, tsohuwar gonar da ta koma sarƙaƙiya, 'yar siririyar duhuwa da ta bi ƙorama, duk yana zama, muddin ƙasan a rufe yake. Amma a Mambila daidai wannan rufin ne ke tafiya. Da rani akan sa wa ciyawa wuta don shanu su sami sabon toho, wutar kuma ba ta tsayawa a bakin kurmi, kowace shekara sai ta ci taku kaɗan ta shiga ciki. Shanu in za su sha ruwa sukan ratsa duhuwar ta ko'ina, su tattake ƙananan tsirrai, ƙasa ta daddaɓe. Bishiyar turare da aka dasa ko'ina a tudun tana ba da katako da itacen girki, amma ka leƙa ƙarƙashinta, fayau yake. Akwai wata ƙorama da na san ma'aurata biyu na wannan tsuntsu a cikinta. Da na koma bayan 'yan shekaru manyan itatuwan suna nan tsaye, mai wucewa a mota zai ce kurmi lafiya lau, amma ƙasansu an share kamar tsakar gida, kuma na yi safiya biyu ban ji ko ɗaya ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ba na ɗora laifi a kan makiyayi ko manomi. Saniya dole ta sha ruwa, iyali dole su yi girki. Kuma su ne farkon waɗanda za su ji a jikinsu in duhuwar ta tafi, domin ita ce ke riƙe ruwa tana sakinsa a hankali har cikin rani. Waɗannan ƙananan ƙoramu su ne ke haɗuwa su zama kogin Donga da ke gangarawa Binuwai. Maganin kuma an gwada shi a nan kusa da kai. A Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, akwai tashar binciken kurmin tudu da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand ta kafa, ma'aikatanta kuma mutanen yankin ne. Sun killace wasu filaye a bakin kurmi don kada shanu su shiga, suna share fili kewaye da su kafin lokacin ƙuna don kada wuta ta tsallaka, kuma inda aka yi hakan ƙananan itatuwa sun fara dawowa. In ka samu hutu ka je ka gani da idonka, ka tafi da ɗalibai in hali ya yi.

Akwai wata barazanar da shinge ba ya tarewa. In duniya ta ƙara zafi da digiri ɗaya, sanyin da tsuntsun ya saba da shi zai matsa sama da kamar mita 150. A Dutsen Oku akwai sauran wurin hawa. Mambila kuwa shimfiɗaɗɗen tudu ne, mafi yawansa tsayi kusan ɗaya, babu bene na gaba. Wannan ya ƙara wa ƙoramu masu inuwa daraja, tunda cikinsu ya fi fili sanyi da laima.

Ga abin da nake so ka yi a maimakon kamu. Ka sami mai unguwa da arɗon da shanunsa ke sha a wurin, ku yi shawara a ware mashaya ɗaya ko biyu a bar sauran bakin ƙoramar ya huta, kuma kafin a fara ƙuna ku fita da ɗalibai ku share 'yar hanya tsakanin ciyawa da duhuwar. Sannan ranar Asabar mai zuwa ka fita bayan sallar asuba da wayarka, ka sa kaya masu duhu, ka zauna wuri ɗaya ka ɗauki kukan na minti ɗaya ko biyu. A ƙarshen ɗaukar ka faɗi kwanan wata, lokaci da sunan ƙauyen da bakinka, don kada su ɓace. Ka shiga shafin xeno-canto a intanet, inda ake adana kukan tsuntsaye, ka rubuta sunan Latin ɗin da na ba ka, ka gwada naka da nasu. Amma kada ka riƙa kunna masa sautin a bakin ƙorama don ya fito, domin zai ɗauka wani namiji ne ya shigo masa gida, ya bar kiwo ya yi ta neman faɗa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos tana tattara bayanan inda kowane tsuntsu yake a Najeriya, kuma masu sa kai ne ke aika mata ta waya, malamai da ɗalibai irinku. Ka aika musu naka, ka turo mini kwafi ni ma, ina so in ji ko macen tana amsawa.